Kama Ɓera da Rai a Gida da Rumbu: Jagora ga Manoma da Malaman Gona

Gabatarwa

Ya kai manomi, ɓera na cin hatsinka, yana huda buhuna, yana kuma ɓata abin da ya rage da fitsari da kashi. Yawancin mutane kan garzaya ga guba. Sai dai guba na kashe kaji da kyanwa, tana iya halaka ƙaramin yaro, kuma ɓeran da ya ci ta yakan mutu cikin hatsi ya ruɓe. Tarkon danƙo kuwa yana barin dabba cikin azaba. Wannan darasi zai nuna maka yadda za ka kama ɓera da rai, ka fitar da shi ba tare da ka cutar da iyalinka ba.

San Abokin Gabarka

Kusu, wato ƙaramin ɓeran gida, yana iya kutsawa ta ramin da bai fi kaurin fensir ba. Macensa na haihuwa bayan kwana 19 zuwa 21 da ɗaukar ciki. Akwai kuma ɓera mai yawan nonuwa, wanda masana ke kira Mastomys natalensis. Shi ne ke ɗauke da ƙwayar cutar zazzaɓin Lassa, wadda aka fara ganowa a shekarar 1969 a garin Lassa da ke Jihar Borno ta yanzu. Cutar ta fi yaɗuwa da rani, kuma jihohin Ondo, Edo da Bauchi na cikin waɗanda suka fi fama da ita. Da ido kaɗai, da wuya ka bambanta shi da sauran ɓeraye, don haka ka ɗauki kowane ɓera a matsayin mai ɗauke da cuta.

Yadda Ake Haɗa Tarkon Bokiti

1. Samo bokiti mai santsin ciki, wanda zurfinsa ya kai santimita 40, domin kusu na iya tsalle kusan santimita 30.
2. Huda gwangwanin madara ta sama da ƙasa, ka zura waya, ka gitta ta a bakin bokitin yadda gwangwanin zai riƙa juyawa.
3. Shafa tunkuza ko markaɗaɗɗiyar gyaɗa a jikin gwangwanin.
4. Jingina katako daga ƙasa zuwa bakin bokitin. Idan kusu ya taka gwangwanin, zai juya da shi ya faɗa ciki.
5. Kada ka zuba ruwa. Sa ɗan dusa a ƙasan bokitin.

Babban ɓera na iya tsallake bokiti, saboda haka a yi masa tarkon keji na waya mai ƙofa. Shi mai zargi ne ga sabon abu: ka bar kejin a buɗe da abinci kwana 2 zuwa 3 kafin ka ɗana. Ka ajiye tarko a jikin bango, domin nan ne hanyar ɓera. Ka duba da asuba da kuma yamma, saboda ƙishirwa da zafi na kashe shi cikin ɗan lokaci.

Fitar da Shi

Sa safar hannu ta roba, ko ka zura hannunka cikin leda mai kauri. Rufe bokitin, ka kai shi daji mai nisa da gidaje, gonaki da rumbuna, aƙalla tafiyar kilomita 2. Ka kwantar da bokitin, ka ja da baya. Sakin ɓera kusa da gidan maƙwabci mayar masa da ɓarna ne. Idan an samu ɓullar Lassa a yankinku, kada ka saki ɓera ko ɗaya; ka nemi jami'in duba-gari ya nuna maka yadda za a kashe shi nan take a binne. Kada a ci namansa, kada yara su yi wasa da shi.

Bayan ka dawo, wanke tarkon da ruwan bilic, ma'auni 1 cikin ma'auni 9 na ruwa, sannan ka wanke hannu da sabulu. Ka jiƙa kashin ɓera da wannan ruwa kafin ka kwashe, domin sharar busasshen kashi na tayar da ƙura mai cuta.

Toshe Hanyar Dawowa

Hausawa sun ce in ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Muddin abinci na buɗe, wani ɓeran zai maye gurbin wanda ka fitar. Toshe ramuka da siminti ko ragar waya. Adana hatsi cikin duro mai murfi, ka ɗora buhuna kan katako nesa da bango. Sa wa ƙafafun rumbu faifan kwano, ka nome ciyawar da ke kewaye. Ka daina shanya garin rogo ko masara a ƙasa a bakin hanya.

Ga Malamin Gona

Ka haɗa tarko ɗaya a gaban manoma, ka sa unguwa duka ta ɗana a mako guda, musamman bayan girbi, lokacin da ɓeraye ke biyo amfanin gona zuwa gida. Duk wanda zazzaɓinsa ya ƙi jin maganin cizon sauro, a kai shi asibiti ba tare da jinkiri ba.