Karin Harshen Rukuni: Hirar Magoya Bayan Ƙwallon Ostareliya Bayan Tashi Daga Wasa

1.0 Gabatarwa

Masana ilimin walwalar harshe sun kasa karin harshe zuwa gida biyu, wato na nahiya da na rukuni. Na farko yana nuna yankin da mai magana ya fito, na biyu kuma yana nuna jama'ar da yake cuɗanya da su ta fuskar sana'a ko shekaru ko abin sha'awa. Tun a 1964 Halliday da abokan aikinsa suka nuna cewa harshe yakan sauya gwargwadon mai amfani da shi, yakan kuma sauya gwargwadon aikin da aka sa shi. Wannan darasi zai duba hirar da magoya bayan ƙwallon Ostareliya suke yi bayan an tashi daga wasa, musamman a kan ƙwazon 'yan wasa da lafiyar jikinsu. An zaɓi wasan da ɗalibi bai saba da shi ba da gangan, domin abin da ido ya saba gani yakan wuce ba a lura da shi ba. Manufar ita ce ɗalibi ya gane cewa kalmomin kowane rukuni daga buƙatunsa suke tsirowa, sannan ya iya rarrabe hujja da hukunci a cikin maganar jama'a.

2.0 Taƙaitaccen Bayanin Wasan

Wannan wasa ya samo asali ne a birnin Melbon na jihar Biktoriya. A 1858 wani ɗan wasan kurket mai suna Tom Wills ya rubuta wasiƙa a jarida yana ba da shawarar a kafa ƙungiyar ƙwallo domin kada jikin 'yan kurket ya mutu a lokacin hunturu. A 1859 aka rubuta dokokinsa na farko. Ke nan tun ran gini tun ran zane, batun ƙoshin jiki yana cikin tushen wasan. Babbar gasarsa ta fara a 1897, aka sauya mata suna zuwa AFL a 1990, aka kuma buɗe ta mata a 2017.

Filin wasan da ƙwallon duk siffar ƙwai gare su, kuma tsawon filin yakan kama daga mita 135 zuwa 185. Kowane ɓangare yana da 'yan wasa 18 a cikin fili. An raba wasan zuwa zango huɗu, kowanne minti 20, ban da lokacin da ake tsayar da agogo. Ana buga ƙwallo da ƙafa, ko a naushe ta da hannu, amma ba a jifa da ita. A kowane ƙarshen fili akwai sanduna huɗu. Wanda ya buga ƙwallo da ƙafa ta ratsa tsakanin na tsakiya guda biyu ya ci maki 6, in kuwa ta gefe ta bi, maki 1 ne. An yarda a rungumi mai riƙe da ƙwallo a kayar da shi, haka kuma ɗan wasa yakan taka bayan wani ya yi sama domin ya cafe ta.

Daga wannan bayani za a ga cewa wasan yana cin jiki ƙwarai. Ɗan wasan tsakiya yakan yi gudun da ya wuce kilomita 12 a wasa ɗaya. Bugu da ƙari, hukumar gasar ta yi ta rage yawan canjin da aka yarda kowace ƙungiya ta yi: 120 a 2014, 90 a 2016, sannan 75 a 2021. Raguwar canji tana nufin raguwar hutu. Wannan ne ya sa da wuya a tashi daga wasa ba a taɓo zancen gajiya da rauni ba.

3.0 Tashe da Ƙoshin Jiki

Hirar bayan wasa tana gudana ne a cikin jirgin ƙasa a hanyar komawa gida, da wuraren shaƙatawa, da shirye-shiryen rediyo da ake bugo waya, da kuma wuraren aiki ranar Litinin. Duk inda aka yi ta, tambayoyi biyu ne ginshiƙanta.

Ta farko ita ce ta tashe, wato yadda ƙwazon ɗan wasa yake a 'yan makonnin nan idan aka gwada da abin da aka san shi da shi. Akan auna wannan da alƙaluma, kamar yawan ƙwallon da ya buga ko ya nausa, da yawan wadda ya cafe, da makin da ya ci. Ta biyu ita ce ta ƙoshin jiki, wato ko jikinsa yana iya ɗaukar zango huɗu. Raunin da ya fi yawa a gasar shi ne na tsokar bayan cinya. Tsinkewar jijiyar gwiwa kuwa takan zaunar da ɗan wasa kusan shekara guda. Daga 2021 aka kafa dokar cewa wanda ya samu buguwar ƙwaƙwalwa ba zai sake wasa ba sai bayan aƙalla kwana 12.

Tambayoyin biyu sun bambanta, amma alamarsu a fili ɗaya ce. Ɗan wasan da ya kasa riskar ƙwallo, mai yiwuwa ne tashensa ya dushe, mai yiwuwa ne kuma yana ɓoye ciwo. Mai kallo daga kan benci ba ya iya tantancewa, don haka sai gardama ta kaure. Gardamar tana da nauyi, domin hukuncin da jama'a suka yanke yana shafar mutuncin ɗan wasa. Wanda aka ce ya yi sanyi, kira ake a ajiye shi. Wanda aka ce ciwo ne da shi, uzuri ake yi masa, laifin ya koma kan koci da likitoci.

4.0 Misali: Wasan Ƙarshe na 2022

Ranar 24 ga Satumba, 2022, ƙungiyar Geelong ta kara da ta Sidni a wasan ƙarshe a babban filin kurket na Melbon, a gaban 'yan kallo 100,024. Geelong ta yi nasara da maki 133 da 52. 'Yan wasa uku sun mamaye hirar da ta biyo baya, kuma kowannensu yana wakiltar wani ɓangare na abin da aka bayyana a sama.

(i) Sam Reid na Sidni ya ji ciwo a tsokar cikin cinya a wasan kusa da na ƙarshe. Duk da haka aka sa shi, bai taɓuka abin kirki ba, aka fitar da shi jim kaɗan bayan hutun rabin lokaci. Kocinsa, John Longmire, ya amsa daga baya cewa kuskure ne sa shi da aka yi.

(ii) Max Holmes na Geelong, matashi ɗan shekara 20, shi ma ya ji ciwo a tsokar bayan cinya a wasan kusa da na ƙarshe. Ƙungiyarsa ta ƙi yin kasada, ta cire shi daga jerin masu wasa, ya kalli cin kofin daga gefe.

(iii) Logan McDonald na Sidni lafiyarsa ƙalau, amma aka ajiye shi aka ɗauko Hayden McLean.

A kan Reid da Holmes gardamar ta ƙoshin jiki ce, a kan McDonald kuwa ta tashe ce da tsarin ƙungiya. Akwai kuma batun shekaru. An daɗe ana yi wa Geelong gorin tsufa da nauyin jiki, sai ga shi wanda ya karɓi lambar gwarzon wasan, Isaac Smith, shekararsa 33. Abin lura ga mai nazarin harshe shi ne, da Reid ya yi abin a zo a gani, da an kira sa shi da aka yi jarunta. Akwai shaidar haka a tarihi. A wasan ƙarshe na 1989, Dermott Brereton na Hawthorn ya ci gaba da wasa da karyayyen haƙarƙari, ƙungiyarsa ta yi nasara da tazarar maki 6, kuma har yau ana ba da labarinsa a matsayin namijin duniya. Aiki iri ɗaya ne, sakamako ne ya zaɓa masa suna.

5.0 Siffofin Wannan Karin Harshe

5.1 Yanke Kalma

Ingilishin Ostareliya ya shahara wajen yanke kalma a liƙa mata wasali a ƙarshe. Wasan kansa sunansa footy a bakin jama'a. Tsokar bayan cinya hammy ce, cafe ƙwallo mai ban mamaki a sama kuwa specky. Sunayen mutane ma ba su tsira ba, domin Dustin Martin, tsohon ɗan wasan ƙungiyar Richmond, da Dusty aka fi saninsa. Kalmar da ake yawan faɗa ita ce ake gajartawa. Don haka samuwar gajeren suna ga wata tsoka guda shaida ce ta yawan ambatonta a wannan rukuni.

5.2 Faɗaɗa Ma'ana

Magoya baya sukan ɗauko kalma daga wani fage su ba ta sabon aiki. Daga madafi suka aro underdone, wadda asalinta naman da bai gama dahuwa ba ne, suka ɗora wa ɗan wasan da ya dawo daga jinya bai samu isasshen atisaye ba. Kishiyarta ita ce cooked, wato dafaffe, ga wanda ƙarfinsa ya ƙare ko shekaru suka cim masa. Daga mota suka aro tank, wato tankin mai, domin nuna juriyar gudu. Kalmar barrack kuwa a Ingila ihun tozartawa take nufi, amma a Ostareliya goyon baya ce. Baƙon da ya ji Ingilishi sarai zai iya zama cikin wannan hira ya tashi bai tsinci komai ba.

5.3 Sakaya Zance

Idan ƙungiya ta fitar da jerin 'yan wasan mako, takan rubuta dalili a gaban sunan duk wanda aka cire. Injured na nufin rauni, omitted na nufin an ajiye shi, managed kuma na nufin an hutar da shi domin tattalin jikinsa. Kalma ta uku tana da harshen damo. Wasu magoya baya sukan ɗauke ta yadda aka faɗa, wasu su ce ciwo ake ɓoyewa, wasu kuma su ce hanya ce ta ajiye babban ɗan wasa ba tare da an kunyata shi ba. A nan karin harshen hukuma ne ya haɗu da na 'yan kallo, kowanne da manufarsa.

5.4 Wakilin Suna

Mai goyon baya bai taka fili ba, amma cewa yake "mun ci" ko "mun gaji a zango na huɗu". Wakilin suna na jam'in mai magana shi ne yake ɗaure shi da ƙungiya. Idan aka sha kaye kuwa, sau da yawa akan ji lafazin ya koma "sun ba mu kunya". Wannan sauyi daga "mu" zuwa "su" ma'auni ne na kusanci da nisanta.

5.5 Hujja da Hukunci

A dubi waɗannan jimloli guda uku, irin waɗanda ake ji a hirar:

(a) An fitar da shi a zango na uku.
(b) Da alama cinyar ce ta motsa.
(c) Bai kamata a sa shi ba tun farko.

Jimla ta (a) bayani ce da kowa zai iya tabbatarwa. Ta (b) hasashe ce, kuma "da alama" ita ce shaidar hakan. Ta (c) hukunci ce, wanda "bai kamata" ya fito da shi. A cikin zafin hira akan yar da kalmomin shakka, sai hasashe ya sa rigar tabbas, a wayi gari jita-jita ta zama labari.

6.0 Amfanin Darasin ga Malamin Hausa

Duk siffofin nan suna da takwarorinsu a gidajen kallon ƙwallo na ƙasar Hausa, ko da yake wasan da ake kallo daban ne. Akwai aro, kamar gola da fenariti da koci. Akwai faɗaɗa ma'ana, kamar yanka da raga da zaman benci. Akwai kuma "mun ci" a bakin wanda bai taɓa zuwa garin da ƙungiyar take ba. Malami zai iya tura ɗalibai su tattaro irin waɗannan kalmomi, su kasa su bisa hanyar samuwarsu. Haka kuma zai iya amfani da hirar wajen koyar da muhawara da rubutun insha'i, inda za a horar da yaro ya raba abin da ya gani da abin da yake zato. Ya kamata malami ya nuna wa ɗalibai cewa karin harshen rukuni yana da ƙa'idarsa da muhallinsa, kamar yadda daidaitacciyar Hausa take da nata.

7.0 Kammalawa

A wannan darasi an ga yadda yanayin ƙwallon Ostareliya, da faɗin filinta da yawan gudu da karo, ya sa tashe da ƙoshin jiki suka zama jigon hirar magoya bayanta. An kawo misalin wasan ƙarshe na 2022, sannan aka fito da siffofi biyar na harshen hirar. Abin da ya fi damun jama'a shi suke yawaita wa suna, kuma sunan da suka zaɓa yakan ɗauki hukunci a cikinsa.

Tambayoyi

1. Bambanta karin harshen nahiya da na rukuni, tare da misalai bibbiyu.
2. Me ya sa mai kallo yake kasa rarrabe dushewar tashe da rauni?
3. Kwatanta yadda aka kalli Reid a 2022 da yadda ake kallon Brereton na 1989. Me wannan ya nuna game da zaɓen kalma?
4. Tattaro kalmomi 20 daga hirar masu kallon ƙwallo a unguwarku, ka kasa su zuwa aro da yanke da faɗaɗa ma'ana.
5. Rubuta jimloli tara a kan wani wasa da ka kalla: uku na bayani, uku na hasashe, uku na hukunci.