Darasi Kan Kula Da Tsohuwar Land Cruiser

Duk mai bin kasuwannin iyaka irin su Maigatari, Illela ko Gamboru ya san idan mota ta tsaya a daji ranar kasuwa, to cinikin mako guda ya wuce, ga kuɗi a jiki ga dare. Saboda haka darasinmu na yau a kan tsohuwar Land Cruiser ne mai injin 1HZ, wanda kamfanin Toyota ya fara fitarwa a 1990. Injin gas ne mai silinda 6, lita 4.2. Yana da haƙuri ƙwarai, amma abu uku ne ke kashe shi.

Na farko, ƙura. Duk dawowa daga tafiya a cire matatar iska a hure ta daga ciki zuwa waje. In ta yage, a canza. A yi juyen baƙin mai duk kilomita 5,000.

Na biyu, ruwa a cikin gas. Man jarka na bakin hanya ba ya rasa ruwa da datti, kuma su ne ke lalata famfon gas, gyaran da ya fi kowane cin kuɗi. A gindin matatar gas akwai ɗan makunni; a sassauta shi ruwan ya zube, a ɗaure, sannan a danna famfon hannu na sama har ya yi tauri.

Na uku, beltin taimin. Wannan ba ya sallama kafin ya tsinke, in kuwa ya tsinke mota na gudu, fistin zai daki bawul, sai an sauke kan inji. A canza shi duk kilomita 100,000. Wanda ya sayi mota hannu na biyu ya canza nan take, kada ya dogara da maganar dillali.

Sai batun musayar kaya. Ana samun 1HZ a samfurin 70 da 80, har da bas ɗin Coaster, don haka wasu kayan injin suna shiga juna. Amma a lura: wasu motocin lantarkinsu bolt 12 ne, wasu 24. Kafin ka biya kuɗin sitata ko dinamo na gwanjo, ka tafi da tsohon a hannu, bakanike ya gwada lamba da lamba. Belti kuwa sai sabo. Araha ba ta ado.

Allah ya kiyaye hanya, ya ba mu kasuwa mai albarka.