Tsoho Ya Faɗi, Wa Zai Ji? Bayani Kan Zaɓen Na'urar Neman Ɗauki

Kowace shekara, ranar 1 ga Oktoba, ana bikin Ranar Tsofaffi ta Duniya, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe tun 1990. A irin wannan lokaci ma'aikatan lafiya kan shiga gidajen rediyo su yi ta jan kunne kan hawan jini da ciwon suga da cin gishiri. Duk gaskiya ne. Amma akwai masifar da ke zuwa ba sallama, wadda ita ce dalilin rubuta wannan takarda, wato faɗuwar tsoho a inda babu mai ganinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum 684,000 ke mutuwa kowace shekara sanadiyyar faɗuwa, fiye da kashi 80 cikin 100 a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi, kuma waɗanda suka haura shekara 60 su ne suka fi yawa a ciki. A cikin masu shekara 65 zuwa sama, kusan mutum ɗaya cikin uku yakan faɗi aƙalla sau ɗaya a shekara.

To, a kula da kyau. Sau da yawa ba faɗuwar kanta ke kashe tsoho ba, daɗewar da ya yi yashe a ƙasa ce. Likitoci na lissafa wanda ya wuce awa ɗaya a kwance bai iya tashi ba a matsayin wanda ya shiga wani haɗari na dabam. Naman jikin da ya danne a kan siminti yakan fara lalacewa, abin da ke fita daga cikinsa ya bi jini ya je ya illata ƙoda. Ƙishirwa ta kama shi, ruwan jikinsa ya ragu. Idan lokacin hunturu ne, ga zani jiƙe, sanyin ƙasa ya zuƙe masa ɗumin jiki, bayan kwana biyu a ji ana cewa ciwon huhu ya kama Baba. Idan kuwa lokacin bazara ne, rana ta fito ta same shi a tsakar gida, ba sai an faɗa ba. Wanda ƙashin kwatangwalonsa ya karye ba ya iya ko mirginawa, kuma kowace awa da ta wuce tana ƙara wa aikin likita wuya. Ko wanda Allah ya sa ya tsira, tsoron da ya shige shi a wannan dare yakan hana shi tafiya, ya lazimci gado, ƙafafu su ƙara sanyi, faɗuwa ta biyu ta matso kusa.

A ina haɗarin yake? Banɗaki na cikin wuraren da suka fi haɗari, musamman tsakanin tsakar dare da asuba. Dattijuwa ta tashi alwala, buta a hannu ɗaya, tocila a ɗaya hannun, ba ta da hannun dafa bango. Maganin hawan jinin da take sha yana sa ta jiri idan ta miƙe da sauri. Ƙasan banɗaki kuwa tayil ne mai santsi da ɗanta ya sa mata don ya burge, ko siminti da gansakuka ta lulluɓe. Ta shiga, ta sa sakata. Ƙafa ta zame. Ta yi kira, muryar ba ta wuce ƙofa ba, ga fanka na juyawa a ɗakin yara, ga janareton maƙwabta na ruri. Wata ma ba za ta yi kiran ba sam, saboda kunyar a same ta ba sutura, ta gwammace ta yi ta fama ita kaɗai har gari ya waye. Wayarta tana can kan matashi, tana ta haske ba mai ɗauka.

A da, gida cike yake: kishiyoyi, surukai, jikoki, ba a rasa mai motsi. Yau ɗa yana Abuja, 'ya tana aure a Maraɗi, auta yana karatu a Misira, an bar tsohuwa da 'yar aiki mai shekara goma sha biyu wadda idan ta kwanta ko ganga ba za ta tashe ta ba. Kuma ɗan nan yana ganin ya sauke nauyi tunda yana turo kuɗi kowane ƙarshen wata. Kaico! A Suratul Isra'i Allah Maɗaukaki ya gwama bauta masa da kyautata wa iyaye, ya kuma ambaci lokacin tsufansu musamman. Kuɗin cefane ba ya ɗaga uwa daga ƙasan banɗaki. Mai cewa ai komai ƙaddara ce, ya tuna cewa shi kansa ba ya kwana bai kulle shagonsa ba.

Na'urar neman ɗauki da muke magana a kanta ƙaramar aba ce, girmanta bai wuce kwalin ashana ba, da maɓalli guda a tsakiya. Ana rataya ta a wuya ko a ɗaura a hannu. Idan aka danna, sai ta kira waɗanda aka tsara mata, a yi magana ta cikinta kai tsaye. An fara irinta a Jamus da Amurka a shekarun 1970, amma na farkon suna haɗe da wayar tarho ta gida, ba sa aiki idan mutum ya yi nisa da ɗakinsa. Ta zamani tana da layin waya a cikinta, tana bin mai ita masallaci da kasuwa da gona, tana kuma tura wa 'ya'ya inda yake a taswira ta hanyar tauraron ɗan adam. Akwai wadda aka yi a siffar agogo. Akwai kuma ƙaramar waya mai manyan lambobi da jan maɓalli a bayanta, wadda ta fi araha, sai dai aibinta shi ne waya ce, ana ajiye ta a manta.

Duk mai son ya fahimci wannan na'ura, ya dubi rijiya da guga. Mutum na iya sayen guga mafi kyau a kasuwa, na fata mai laushi, an yi masa baki da ƙarfe, kowa ya gani ya yaba. Amma idan an rataye shi a ɗaki, rijiya tana waje, ba a sha ruwa ba. Idan an kawo shi bakin rijiya igiyar ta gaza, sai ya yi ta lilo a sama da ruwan, ana hango ruwa ana ƙishirwa. Idan igiyar ta kai amma gara ta ci tsakiyarta, ranar da aka fi bukata ranar za ta tsinke. Idan kuwa guga lafiya, igiya lafiya, ya nutse ya cika, amma babu hannun da zai jawo, to ruwan yana nan a ƙasa inda yake tun farko. Gugan shi ne na'urar, igiyar ita ce caji da layi da sabis, hannun kuwa mutum ne mai rai da zai ji kira ya taso da gudu. Yawancin masu saye a kan guga suke ɓata lokacinsu, suna tambayar launi da sunan kamfani.

Don haka tambaya ta farko kafin a ciro ko sisi ita ce: idan Baba ya danna da ƙarfe uku na dare, wayar wa za ta yi ƙara? A Amurka da Ingila ana biyan kuɗin wata-wata ga kamfani mai ma'aikata da ke zaune dare da rana suna amsa kira, su turo motar asibiti. A wajenmu akwai lambar gaggawa ta 112 a Najeriya, a Nijar kuma 15 don agajin likita da 18 don 'yan kwana-kwana, kuma ya kamata a sa su a jerin lambobin da na'urar za ta kira. Amma kowa ya san wanda zai fara isa shi ne na kusa. A zaɓi na'urar da ke karɓar lamba uku ko fiye, wadda idan na farko bai ɗauka ba take wucewa ga na biyu da kanta, tana kuma aika saƙo ga duka. Lamba ta farko kada ta zama ta babban ɗa da ke Legas don kawai shi ne babba. Ta zama ta wanda ke kwana a gidan, sai maƙwabci na jikin katanga, sai wani mai mota ko adaidaita sahu a unguwa. A je a same su a roƙe su ido da ido, a ba ɗayansu makullin gida. Wanda ya amsa wannan amana kuma ya riƙa kashe wayarsa da dare, ya sani ya ci amana, kuma za a tambaye shi.

Na biyu, lallai ta zama mai jure ruwa. Tunda banɗaki ne wurin haɗarin, na'urar da sai an cire ta kafin wanka ko alwala ba ta da amfani. A duba kwalinta a ga alamar IP67 ko IP68. Ta farkon na nufin tana iya zama cikin ruwa mai zurfin mita 1 har minti 30. A kuma cire sakatar ciki daga ƙofar banɗakin tsoho, ko a sa irin wadda ake iya buɗewa ta waje.

Sai batun igiya. A ƙasar da wuta ke yin kwanaki ba ta zo ba, na'urar da ke neman caji kullum wahala ce. A nemi mai yin kwanaki, wadda ke tura saƙo ga 'ya'ya idan batir ya yi ƙasa, a tanadi ƙaramin sola, a kuma ɗora wa mutum ɗaya sananne alhakin cajin, da rana lokacin da gida ke da jama'a. Layin da za a sa ya zama na kamfanin da sabis ɗinsa ya fi ƙarfi a cikin ɗakin tsohon da banɗakinsa, a shiga can a gwada. A yi masa rajista yadda doka ta ce, a riƙa sa masa kati, domin layin da ya daɗe ba a mora ba kamfani na rufe shi. Masu aiko da na'ura daga Turai ko Amurka su yi hattara: da yawansu a ɗaure suke da kamfanin can, idan sun iso nan sai su zama kayan ado. Ko a can ɗin, da kamfanonin wayar Amurka suka rufe tsarin 3G a 2022, dole aka sauya wa tsofaffi da yawa na'urorinsu. A tambayi mai sayarwa ko tana aiki da 4G.

Wasu na'urorin suna gane faɗuwa da kansu, su yi kira ko mutum ya suma. Agogon Apple ya zo da wannan tun 2018. Abu ne mai kyau, ya dace da mai farfaɗiya ko mai yawan jiri. Sai dai ba kowace faɗuwa suke ganewa ba, musamman idan mutum ya sulale a hankali ta jikin bango, kuma wani lokaci zama da ƙarfi kan tabarma na sa su kira a banza. A gwada ta a ruku'u da sujada kafin a bar wa tsoho, kuma a koya masa ya danna da kansa duk lokacin da yake iyawa.

Kada a rataya wa dattijo abu a wuya ba shawararsa. Wanda ya aurar da 'ya'ya goma ba zai so a nuna masa ya zama abin lallaɓawa ba, zai karɓa ya ce madalla, kuna fita ya jefa ta cikin kwalla. A zauna a gabansa a ce, "Baba, don hankalinmu ya kwanta ne, ku taimake mu ku riƙa sawa." Idan ya fi son ta agogo, a ba shi ta agogo. A bar shi ya danna sau da yawa a gabanku har hannunsa ya saba, a kuma ce wa Inna, "Ko kuskure ne kuka danna, wallahi ba mai jin haushi." Tsofaffi da yawa sun kwana a ƙasa da maɓalli a ƙirjinsu don kada su tashi mutane daga barci. Igiyar wuyan ta zama mai ɓallewa idan ta maƙale da wani abu.

Sauran amfaninta a taƙaice: wanda bakinsa ya karkace, hannu ya saki, magana ta sarƙe, alamun shanyewar ɓarin jiki ke nan, kuma maganin narkar da gudan jini yana da iyakar awa 4 da rabi, don haka a danna nan take. Mai ciwon suga da ya ji rawar jiki da gumi, ya danna. Mai ciwon ƙirji, haka. Tsohon da mantuwa ta kama har yana ɓacewa a hanya, taswirar za ta nuna inda yake. Sai 'yan gargaɗi: a yi hankali da masu bugo waya suna cewa an ci kyautar na'ura, a kawo lambar asusun banki. A tambayi kuɗin wata kafin saye. A gwada ta ranar ɗaya ga kowane wata.

Wanda kira ya iso masa kuma, kada ya shiga ya cicciɓi tsoho da ƙarfin tsiya. Ya fara yi masa magana, ya tambayi inda ke ciwo, ya lulluɓe shi da bargo ko zani busasshe. Idan ƙafa ɗaya ta gajarce ta juya waje, ko ya bugu a ka, ko wuya na ciwo, kada a miƙar da shi tsaye, kada a zaunar da shi a bayan babur, kada kuma a tsaya jiran mai ɗori ya karya kumallo. A nemi mutum uku ko huɗu su ɗauke shi a kwance kan abu mai ƙarfi zuwa mota, a tafi da ledar magungunansa duka don likita ya gani, a nufi babban asibiti mafi kusa mai ɗaukar hoton ƙashi.