DARASI: Sanin Haƙƙin Ɗan Adam, Daga Ajin Islamiyya Zuwa Tsakar Gida



Da yawanmu da an ce "haƙƙin ɗan Adam" sai mu kau da kai, wai ai zancen Turawa ne. Gaskiya ne Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da kundinta ranar 10 ga Disamba, 1948. To amma tun a Madina, wata bazawara, Khansa'u bint Khizam, ta kai ƙara wurin Manzon Allah (SAW) cewa mahaifinta ya aurar da ita ba da yardarta ba, aka kuma warware auren, kamar yadda Bukhari ya ruwaito. Da ba ta san tana da wannan haƙƙi ba, ta yaya za ta kai ƙara?

Matsalarmu ke nan a Dirin Daji da sauran garuruwan Sakaba. Hare-haren 'yan bindiga sun bar mana zawarawa da marayu. Sau da yawa a gama takaba, dangin miji su riƙe gona da shanu, a sallami mace da 'yan kwanukanta, ita ma har ta yi godiya. Alhali a Suratun Nisa'i Allah ya yanka wa matar mamaci tumuni, wato kashi ɗaya cikin 8, idan ya bar 'ya'ya, ko rubu'i idan bai bari ba. In mata sun fi ɗaya, wannan kason suke rabawa. Ɗiya mace kuma tana da rabin kason ɗa namiji, kuma ayar ba ta cire gona ba. Sadaki ma na amarya ne, ba na baffa ko gwaggo ba.

Saboda haka malamarmu ta Islamiyya, don Allah kada karatu ya tsaya a tsarki da alwala. A ware rana guda a mako, a ɗauki alli a yi lissafin gado a kan allo, da misalin gona da buhunan dawa, har kowa ta iya. Hanyar ba sabuwa ba ce. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta horar da jajis suna shiga ƙauyuka suna karantar da mata, su ne 'Yan Taru. Mu ma muna da wurin taro: suna, biki, adashi. Minti goma kafin a raba tuwo ya isa.

Sai makarantar boko. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta karatun shekara 9 kyauta, firamare 6 da ƙaramar sakandare 3, ga mace da namiji. Na san abin da ke ranmu. An sace ɗalibai a kwalejin gwamnatin tarayya ta Birnin Yauri a Yuni 2021, sannan a Nuwamba 2025 aka kwashe 'yan mata 25 a makarantar Maga, nan cikin masarautar Zuru. Wallahi uwar da ta ji tsoro ba ta yi laifi ba. Sai dai tsaro ma haƙƙin yarinyar ne a wuyan hukuma, kamar yadda karatun yake. Maimakon a cire ta a ɗora mata tallar awara, mu nemi izinin maigida mu je taron iyaye da malamai, mu tambayi ina katanga, ina masu gadi. Mu kuma roƙi malamai su riƙa faɗa wa yara a wajen taron safe wanda za su kai wa kuka idan an ci zarafinsu, a kuma sa malama mace, domin yarinya ba ta iya buɗe baki gaban namiji.

A tuna garinmu haɗaka ne, Dakarkari, Hausawa, Fulani, Musulmi da Kirista. Haƙƙin maƙwabci bai tsaya kan Musulmi kaɗai ba, don haka mu gayyaci maƙwabciyarmu wajen taron iyayen.

Aikin gida: mutum ya rasu ya bar mata 2, ɗa 1, 'ya'ya mata 2 da buhun dawa 32, babu bashi babu wasiyya, iyayensa kuma sun riga shi. Kowa buhu nawa zai samu? A kawo amsa aji mai zuwa, in sha Allah.