Ushuri da Rabin Ushuri: Koya wa Yara Gwama Kaso

Wanda ya tashi daga Kumbotso ya bi hanyar Zariya da rani, kafin ya wuce Kura zai fara ganin ƙasa kore shar, alhali ba a yi ruwan sama ba tun watanni. Ruwan madatsar Tiga ne, wadda aka kammala a 1974, yake bin magudanai yana shayar da shinkafa da alkama da tumatir a Kura da Bunkure da Garun Malam. Yaron da ya tashi a wannan yanki yana jin lissafin kaso tun bai shiga firamare ba: rabin buhun taki, kwatan eka, rabin kwandon tumatir. Amma rubuta masa 1/10 da 1/20 a allo, ka tambaye shi wanne ya fi yawa. Sau da yawa zai nuna 1/20, domin ashirin ta fi goma.

Wannan ba daƙiƙanci ba ne. Yaron ya yi shekaru ana koya masa cewa babbar lamba ita ce mai yawa, sai ya ɗauko dokar ƙidaya ya ɗora ta a inda ba ta aiki. Masu binciken koyar da lissafi sun ga wannan kuskure a ƙasashe da dama. Aikin malami shi ne ya nuna masa cewa lambar ƙasa ba yawan abin da aka samu take faɗa ba. Tana faɗar gida nawa aka raba abu. In masu rabo suka yi yawa, rabon kowa sai ya ƙanƙance.

Misalin yana nan a gonar mahaifinsa. A hukuncin zakka, amfanin da ruwan sama ya shayar ana fitar masa da ushuri, wato ɗaya cikin goma; wanda aka shayar da wahala, kamar da jigo ko injin ban-ruwa, rabin ushuri ne, wato ɗaya cikin ashirin. (Batun inda ruwan magudana ya faɗa, wannan na malaman fiƙihu ne.) To, manomi ya sami buhu 40. Ushurinsa buhu 4, rabin ushuri buhu 2. A sa yara su jera tsakuwa 40, su kasa ta gida goma, su ƙirga abin da ke gida ɗaya, sa'an nan su sake kasa ta gida ashirin. Da hannunsu za su ga kashin ya ragu. Sunan ma ya riga ya ba da amsa, tun da rabin abu ba ya fin abin.

Kalmomin da muke da su

Hausa ba ta da talaucin sunayen kaso. Muna da rabi, muna kuma da waɗanda suka shigo daga Larabci ta hanyar karatun gado da zakka: sulusi (1/3), rubu'i (1/4), humusi (1/5), sudusi (1/6), subu'i (1/7), sumuni ko tumuni (1/8), tusu'i (1/9) da ushuri (1/10). Kwata kuwa daga Ingilishi ta zo, ita da rubu'i abu ɗaya ne, kuma ya kamata a gaya wa yaro haka ƙarara. Tumunin takaba da yake ji a bakin manya ɗaya cikin takwas ne, rabon matar mamaci in ya bar 'ya'ya. In bai bari ba, rubu'i take samu.

A ganina, akwai wata 'yar kalma da ke yi mana ɓarna, ita ce "bisa". In muka ce "ɗaya bisa uku", yadda aka rubuta lambobin kurum muka siffanta, wannan a kan wannan. In muka ce "ɗaya cikin uku", ma'anar muka faɗa. A fara da "cikin" har ta zauna, "bisa" ta biyo baya. Haka nan a lura da "rabi". A gida ana cewa "ba ni babban rabin", amma a lissafi babu babban rabi. In ɓangarorin biyu ba daidai suke ba, ba rabi aka yi ba. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta tanadi a fara koyar da yaro da harshen gida a azuzuwan farko, sai dai harshen gidan ma yana bukatar a tace shi kafin ya shiga allo.

In lambar sama ta wuce ɗaya

A zana gona mai fangali 12. Audu ya shayar da 2/3, ƙanensa ya shayar da 3/4 na wata gonar mai girma ɗaya. Biyu cikin uku na 12 fangali 8 ne, uku cikin huɗu kuwa 9. An zaɓi 12 ne domin uku da huɗu duka suna raba ta ba saura, kuma wannan shi ne asalin abin da ɗaliban sakandare ke yi in suna daidaita lambobin ƙasa. Akwai hanya mafi sauri: a dubi abin da ya rage. Sulusi ya rage wa Audu, rubu'i ya rage wa ƙanensa. Wanda saurarsa ta fi ƙanƙanta shi ya fi aiki.

Wata dabarar ita ce auna kowane kaso da rabi. Tsakanin 3/8 da 4/7, rabin takwas huɗu ne, uku ba ta kai ba. Rabin bakwai uku da rabi ne, huɗu ta wuce. Ke nan 4/7 ya fi, ba tare da an ninka komai ba.

Sharaɗi ɗaya kada a manta da shi: abin da ake rabawa ya zama ɗaya. Rabi ya fi kwata, amma rabin mudu bai kai kwatan buhu ba, kuma yaron da ya taɓa zuwa kasuwar shinkafa ta Kura zai kama malamin da ya yi wannan sakaci.

Ga gwaji ga ɗalibai: manomi biyu suna da fangali 30 kowannensu. Ɗaya ya dasa tumatir a 3/5, ɗayan a 2/3. Wa ya fi, kuma da fangali nawa?