Ɗana, Wankin Mashin Bai Ƙare Ba Sai An Busar

An gaya mini kun haɗa kuɗi, kai da abokan aikinka na tashar kabu-kabu, kun sayi bulawa, ɗan injin nan na hannu mai hura iska, don busar da mashin bayan wanki. An kuma ce wasu na yi muku dariya, wai a Tambuwal, inda zafin bazara ke haura digiri 40, wa ke buƙatar inji ya busar masa da ƙarfe? Ni dai ban taya su dariyar ba. Kun yi dabara. Sai dai dabarar tana da ƙa'ida, kuma ita ce ta sa na ɗauki alƙalami, don gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Masu dariyar suna da rabin gaskiya. Rana za ta busar da tanki da madigadi cikin ɗan lokaci, har ka ga mashin na ƙyalli ka ɗauka an gama. Amma ruwan da ke kashe mashin ba ya zama a inda rana ke gani. Yana kwanciya a ramin fulogi, da cikin hular fulogin, da ramin makulli, da kewayen murfin tanki, da mahaɗar wayoyi a bayan fitila, da ƙarƙashin kujera wajen batir, da cikin kwanon da ya rufe sarƙa. A nan yake kwana. Washegari da asuba ka yi ta buga kik har gumi ya karyo maka, mashin ya ƙi tashi, ka ce fulogi ne ya mutu, alhali ɗigon ruwa ne ya janye wutar kafin ta kai inda ake so. A damina, musamman watan Agusta da iska kanta take a jiƙe, ruwan nan yakan yi kwanaki bai bushe ba, sai ka ga bakin waya ya yi kore, ƙusa ta yi ja. Wannan shi ne aikin bulawa: ta kori ruwan da tsumma bai kai gare shi ba, rana kuma ba ta gan shi ba.

To ga inda ake kuskure. Iskar da ke fitar da ruwa ita ce kuma ke iya cusa shi ciki. Boris ɗin ƙafar gaba da ta baya, da na wuyan mashin, giris ne ke raya su, kuma 'yar roba ce siririya ke tsare giris ɗin. An yi ta ne don ta tare ruwan sama da fantsamar kududdufi, ba a yi ta don a ɗora mata bakin inji a matsa ba. Idan ka saita iska kai tsaye a kanta, ruwan da ke bakin ƙofa ka tura shi ɗaka, ya cakuɗe da giris, bayan 'yan makonni ƙafa ta fara kuka tana rawa. Garin neman gira ka rasa ido ke nan. Haka abin yake ga robar shokozoba, da bakin da iska ke shiga zuwa kafireta, da gilashin mita wanda in ruwa ya shige shi sai ya yi ta hazo. A waɗannan wurare ka ja da baya kamar taki guda ko biyu, ka karkata bakin bulawar iska ta shafe su ta gefe ta wuce. Ka fara daga sama, madubi da kan mashin da tanki, ka gangaro, don kada ruwan sama ya sake jiƙa abin da ka busar a ƙasa.

Na san kafin ku sayi wannan, wajen mai faci kuke zuwa ya fesa muku iskar kwamfaresa. Ba ɗaya suke ba, kuma na fi son ka riƙe bambancin. Bulawa iska ce mai yawa marar matsi sosai, tana share ruwa daga fili. Kwamfaresa iska ce kaɗan mai tsananin matsi. Matsin da ke cikin tankinta ya ninka na tayar mashinka sau uku ko fiye, kuma ta siririn baki take fitowa. Ita ce ke ɗaga sitika, ta keta roba, ta kore giris. Ƙari a kan haka, tankin kwamfaresa yana tara ruwa a gindinsa, in mai shi ba ya zubarwa to da laima da ɗan mai take fesa maka. Idan ita kaɗai ka samu, ka tsaya nesa. Kuma don Allah ka hana yaran wurin wasa da ita a jikin juna. Iskar kwamfaresa na iya fasa dodon kunne, ta lalata ido, in kuma aka saita ta a duburar mutum, ko ta kan wando ne, tana fasa hanji. An rasa rayuka ta wannan wasan banza a ƙasashe da dama.

Abin da ya fi damuna kuwa namu ne na nan, wanda masu rubuta takardar injin ba su yi tunaninsa ba: ƙasarmu rairayi ce. Bulawa ba ta ƙirƙirar iska, ta wurin take zuƙa ta tofar. In ka tsaya a bakin babban titin nan da ya taso daga Sakkwato ya nufi Jega, tirela na wucewa tana tayar da ƙura, ko ranar da hunturu ya sauko da buji, to ƙura kake watsa wa jiƙaƙƙen fenti. In kuma ka sunkuyar da bakinta ƙasa, yashi zai tashi ya manne a sarƙa, kuma yashi da mai in suka haɗu tamkar ka ɗora sarƙar ne a kan dutsen niƙa: ita da haƙoran sifoket za su cinye juna tun kwanansu bai ƙare ba. Saboda haka ka nemi daɓen siminti. In babu, ka yayyafa wa ƙasar ruwa ta kwanta, ka ba iska baya, ka riƙe injin sama da gwiwa. Ranar da hazo ya yi yawa, tsumma mai tsabta ya fi maka.

Ka lura da wuta ma. Ƙasa a jiƙe, hannu a jiƙe, ƙafa ba takalmi, ga waya da aka yi wa ɗauri da leda an cusa bakinta tsirara a soket ɗin janareta. Na sha ganin haka a wuraren wanki, kuma duk lokacin da na gani gabana faɗuwa yake yi. Ku sa wa wayar kan fulogi na ƙwarai, ku rataye ta kada ta kwanta cikin ruwa, mai riƙe injin ya sa takalmin roba.

Wasu abubuwan tun kafin a zuba ruwa ake gyara su. Wanda ya dawo daga ƙauyukan Kebbe, wajen Kuchi ko Girkau, da laka har injin, zuciyarsa na son ya watsa ruwa nan take. Ka bari injin ya huce tukuna, ya kai yadda za ka iya ɗora hannu. Ka toshe bakin salansa da leda. Garin sabulun wanki irin su Omo yana cin maiƙo, aikinsa ke nan, don haka ka nisanta shi da sarƙa da boris, ka kuma ɗauraye sosai. In kujerarka ta yage, ka sani soso ya sha ruwa, kuma babu bulawar da za ta fitar da shi. Fasinja ne zai fitar da shi da rigarsa ta zuwa Juma'a, ya sauka yana yi maka Allah ya isa. Ka kai a ɗinke.

Bayan iska, ka cire ledar salansa, ka tayar da injin ya yi 'yan mintoci, zafinsa ya ƙone sauran laimar da ke tsakanin fiffiken silinda. A fili za ka yi wannan, ba a zaure ko cikin shago a rufe ba, don hayaƙin mashin na kisa ba tare da mutum ya ankara ba. In ka ji yana tari yana shaƙewa, wataƙila ruwa ya bi ta murfin tanki ya sauka. Akwai 'yar ƙusa a gindin kafireta, ka sassauta ta ya tsiyaye. Sannan ka ɗiga wa sarƙa mai tun tana bushe, ka juya ƙafa ya zagaya, ka goge rarar. Na san baƙin man da aka juye daga inji kyauta ne, shi ya sa kowa ke amfani da shi, amma cike yake da garin ƙarfe. Man giya mai lamba 90 ya fi, kuma kwalba ɗaya za ta daɗe maka. Kada ka lulluɓe mashin da tampol yana da sauran danshi.

Sai birki, wanda shi ne ya shafi rai. Boxer irin taka birkinta na cikin kwano ne, gaba da baya, kuma iska ba ta shiga can ta busar. Jiƙaƙƙen birki yakan ƙi kamawa, wani lokacin kuma ya cafke gaba ɗaya. Kafin ka ɗauki kowa, ka hau kai kaɗai ka yi tafiya a hankali cikin unguwa, kana ɗan taka na baya kana matsa na gaba, har ka ji sun dawo daidai. Kada wurin gwajinka ya zama babban titi, da matar wani da jariri a bayanka.

Ka san yadda abubuwa suka koma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023. Sabuwar Boxer ta haura naira miliyan ɗaya, kayan gyara ma sun bi ta, kuma naka mashin ɗin ba ka gama biyan mai shi ba. Kowane boris da ka ceta, kowace sarƙa da ta ƙara wata biyu, kuɗin cefane ne ya zauna a aljihunka. Ka karanta wa abokan naka wannan takarda, tunda tare kuka sayi injin, musamman maganar yashi da ta birki. Ka gaida mahaifiyarka. Allah ya tsare hanya, ya sa albarka a nema.