Shinge Kafin Gini: Shawarwari Ga Gidajen Da Yara Ke Wasan Minecraft

Ɗan ƙanwata ya shafe mako uku yana gina gida a Minecraft, bene hawa biyu da rumbu da garken tumaki a bayansa. Wata Asabar da safe ya shiga ya tarar an cinna wa rufin wuta, an yashe akwatunansa, an karkashe tumakin. Ranar ko karin kumallo bai yi ba. Uwarsa ta ce ai wasa ne. Ni kam ban ga wasa a hawayen yaron ba, domin lokacin da ya zuba a ginin nan lokaci ne na gaske.

Kamfanin Mojang na ƙasar Suwidin ne ya fitar da cikakken wasan a 2011, Microsoft ya saye kamfanin a 2014 kan dala biliyan 2.5, zuwa 2023 kuma an sayar da fiye da kwafi miliyan 300. Duk da wannan girma, asalin wasan bai san nawa da naka ba. Tubalin da ka ɗora, kowa na iya cire shi. Masu sabar da ake haɗuwa a yi wasa tare su ne ke ƙara tsarin killace fili, kuma sai wanda ya san shi yake cin moriyarsa.

1. A tambaya kafin a ɗora tubali ko ɗaya. Shin sabar tana da tsarin mallakar fili? Sunayen da za a fi ji su ne GriefPrevention da Towny da Lands. Akwai sabobin da da gangan aka bar su ba doka, irin su 2b2t da ke nan tun 2010, inda rusa ginin wani ba laifi ba ne. Wannan ba wajen yaro ba ne.

2. A kula da inda za a ajiye akwatin farko. A GriefPrevention, idan mai sabar bai sauya tsarin ba, akwatin farko da sabon ɗan wasa ya ajiye shi ke killace masa fili mai tubali 9 a tsawo, 9 a faɗi. Yara da yawa kan jefa shi duk inda dare ya riske su, su tafi can gefe su yi gini a filin Allah.

3. A GriefPrevention, sheburin zinariya shi ne takardar fili. Ana haɗa shi da curin zinariya ɗaya da sanda biyu. Yaro ya riƙe shi ya taɓa kusurwa ɗaya, ya je kusurwar da ke fuskantarta ya taɓa, duk abin da ke tsakani ya zama nasa, za a ma ga alamun iyaka sun bayyana a ƙasa. Sanda kuwa ita ke faɗa masa mai wuri idan ya nuna ta. Yawanci da tubali 100 ake fara ba mutum, a riƙa ƙara masa gwargwadon awannin da ya yi yana wasa, don haka kada ya zaƙe. Ya killace ɗaki da rumbu tukuna, gona ta biyo baya. Ya kuma bar sarari tsakanin bango da iyaka. Duk wanda ya taɓa sayen fuloti ya cinye shi da gini har baki ya san yadda ake ji ranar da maƙwabci ya jingina nasa bangon. A Towny da Lands, yanki-yanki ake yanka ƙasa, kowane 16 sau 16, kuma iyakar yankin ba ta bin bangon gida, sai an duba.

4. Amana, nan ne gizo ke saƙar. A iya abin da na gani, da ɗan gari akan ci gari: shinge yana nan daram, mai gida ne ya miƙa mabuɗi da hannunsa. Gidan ɗan ƙanwata ma haka aka yi masa, wani da suka haɗu kwana biyu kacal ya ce zai taya shi rufi. GriefPrevention ya kasa izini hawa-hawa. Umarnin /accesstrust na baƙo ne, ya danna maɓalli ya hau gado. /containertrust yana buɗe masa akwatuna da dabbobi da amfanin gona. /trust ya ba shi damar gini da rusau. /permissiontrust kuwa ya ba shi ikon shigo da wasu, wannan kada a ba kowa sai ɗan gida. A koya wa yaro ya fara da mafi ƙanƙanta, ya kuma tsaya cikin filin da yake nufi kafin ya rubuta umarnin, don in yana waje izinin zai hau kan filayensa duka. Lokaci-lokaci ku zauna tare ku duba /trustlist, wanda aka daina hulɗa da shi a cire shi da /untrust. Yaro kan ji kunyar hana aboki. Ku gaya masa hana mabuɗin rumbu ba rowa ba ce.

5. Lu'ulu'u da sauran kaya masu tsada su kwana a akwatin Ender. Gurbi 27 gare shi, kuma ko wani ya buɗe, nasa kayan zai gani.

6. Fili yana iya suɓucewa idan aka daɗe ba a leƙa ba. Sabobi da yawa suna sakin filin wanda ya yi ɓatan dabo, a Towny kuma ana cirar kuɗin wasa kullum don riƙe gari, in asusu ya ƙare garin ya rushe. Kafin yaro ya koma makarantar kwana, ko ku karɓe waya saboda jarrabawa, ku duba adadin kwanakin da sabar ta yanka. Shigar minti biyu ƙarƙashin idonku ta isa ta riƙe masa wahalar wata da watanni.

7. Masu wasa a waya, nau'in Bedrock ke hannunsu, kuma a duniyar da yaro ya buɗe da kansa ko a Realms, sabar haya ta masu wasan, babu sheburin killacewa. Kariyarsu ita ce gayyata da matsayi: Visitor kallo kawai yake yi, Member yana gini yana rusawa, Operator yana da iko da kusan komai. Sabon shiga ya fara daga Visitor. Kafin a gayyaci taron abokai, a kwafi duniyar a ajiye.

8. In ɓarna ta auku, kada a rama, kada kuma a yi saurin gyara. A ɗauki hoton wurin, a rubuta lambobin da ke nuna inda yake, a kai wa masu kula da sabar. Da yawansu suna da CoreProtect, manhajar da ke rubuta wanda ya cire kowane tubali da lokacin da ya cire, tana kuma iya mayar da gini yadda yake. In bincike ya nuna naku ne ya yi wa wani ɓarnar, ku sa shi ya nemi afuwa ya gyara da hannunsa, kamar yadda za ku yi in tagar maƙwabci ya fasa.

Iyaye, don Allah yau da dare ku ce wa yaron ya zagaya da ku gidan da ya gina, ku tambaye shi ina iyakar filinsa, su wa kuma ke riƙe da mabuɗi.